Kwabo Mai Koren Zare

Ku dai yi ta dariya. Tun ran da Bashir ya ji cewa kakansa ya yi aikin banɗaki a Bompai yake toshe hanci in na wuce, sai ka ce ba da kuɗin aikin aka raɗa wa ubansa suna ba. To ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Kuna cewa wai mene ne abin wuya, mutum ya zauna a inuwa yana jiran masu matsuwa. Ni ban taɓa jiran kowa ba. Ni maƙerin kwaɗo ne, kwaɗon ƙofar da ba ta buɗuwa sai an ba ta kwabo, kuma a duk Kano mu biyu ne muka san cikinsa, ni da maigidana.

A lokacin Sharaɗa, garinmu, gonaki ne da rijiyoyi, ko bututun hayaƙi ɗaya babu. Bompai ce ta fara samun masana'antu. Aka kafa injin matsar gyaɗa, aka kafa wajen jimar fata, aka kafa gidan alewa, kowa ya zagaye filinsa da waya. Da can in ciki ya murɗa wa mutum sai ya ɗauki butarsa ya faɗa cikin sabara. Da wayar nan ta zo, sabarar ta ƙare. Ka ga ƙato ya taso tun asuba daga Hotoro ko Dakata, ya wuni yana ɗaukar buhu, rana tsaka ya riƙe ciki yana waige-waige, duk inda ya duba mai gadi ne da kulki.

Wani Bature mai kamfanin ƙarafa, muna ce masa Mai Lofe, shi ya ga kasuwa a nan. Ya kawo wasu akwatunan ƙarfe masu tsawon mutum ya dasa a bakin titi. Kowanne da tankin ruwa a ka, da rami a ƙasa, da ƙofa mai ɗan baki kamar na asusu. Ka jefa kwabo, ka murɗa hannu, ta buɗe. Kafin sati ya zagayo mutane sun raɗa musu suna Ci-kwabo, kuma har aka tumɓuke su ba wanda ya kira su da wani suna.

Aikin farko da maigidana Baba Audu ya ba ni, kwano ya miƙo mini cike da kananzir, a ciki an wargaza kwaɗo ɗaya kaca-kaca. Baba Audu tsohon ma'aikacin reluwe ne, gajere, mai faɗa, yatsunsa duk tabon wuta. Ya warware rawaninsa ya ɗaure mini ido.

Na ce, "Baba, yaya zan haɗa abin da ba na gani?"

Ya ce, "Ido ba ya shiga inda kwabo yake shiga. Haɗa."

Na sha ranƙwashi kafin yatsuna su gane harshe daga sakata. Harshe shi ne ɗan ƙarfen da kwabo yake hawa ya danne, sakata kuwa kun santa. In kwabon ya zauna daidai, murɗa hannu sai ya ture sakatar, shi kuma ya faɗa akwatinsa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Sukudireba, filaya, magagari, ƙaramar guduma, gwangwanin man keke, sai wata waya da muke lanƙwasa bakinta mu ce mata ƙugiya. Ƙugiyar nan ita ce sana'ar. Da ita ake lalubo duk abin da ɗan Adam ya ga dama ya cusa.

Amma abin da ya fi ba ni wuya ba ƙarfe ba ne. Baba Audu ya ce, "Aikin nan rabi ƙarfe ne, rabi kunya. Wanda ya fito daga ɗakin nan ba ya son a gaishe shi. Ko ubanka ne, ka duƙar da kai ka nemi abin gogewa." Ku gwada ku gani. Bahaushe ya ga wanda ya sani ya wuce ta gabansa, ya haɗiye sannu! Na fi wata bakina yana suɓucewa, ina yi wa mutane barka da fitowa, su kuma suna harara ta kamar na zage su.

Sannan ga masu shiga. Bature ya yi lissafinsa a kan mutanen ƙasarsu, bai san mu ba ma rufe wa ɗan'uwa ƙofa a fuska ba. Na farko zai jefa kwabo, in ya fito sai ya riƙe ƙofar ya ce wa na bayansa, "Bismilla, Malam." Shi ma ya riƙe wa na gaba. A yi ta zumunci har yamma, ramin ya cika, akwati da kwabo ɗaya tilo yana kaɗa kansa. Baba Audu ya ɗaura wa ƙofar robar tayar keke mai ƙarfi don ta riƙa fizgewa ta rufe. Sai suka koma sa mata takalmi. Abin da na zaƙulo da ƙugiya kuwa, ba a magana. Anini, maɓallin kwat, marfin kwalba da aka daka ya yi faɗi, har ɓarin goro na taɓa cirowa, an fere shi an yi masa da'ira tsaf. Na daɗe ina kallon goron nan, don wallahi mai shi ya fi ni iya hannu.

Yanzu bari in kawo muku Malam. Ba zan faɗi sunansa ba, don surukina ne, kuma har gobe bakina ba ya iya ɗaukarsa. Mutumin Dakata ne, mai karantarwa, mai ɗinkin hula. Kullum yakan zo Bompai ya zauna ƙarƙashin wata maina kusa da injin gyaɗa, yana ɗinki yana sayarwa, in jiniyar hutu ta busa shi yake jan ma'aikata sallar Azahar a wani fili da aka kewaye da duwatsu. Dogo ne, ba ya dariya a waje, kuma yana da wani gyaran murya mai hawa biyu, na farko a maƙogwaro, na biyu a ƙirji. In ya yi shi, ko masu caca sai su tattara katinsu.

Shi ne ya fara tayar wa Ci-kwabo da hankali. Ran da aka dasa wanda yake bayan filin sallar, ya zagaya shi sau ɗaya ya ce duk wanda ya tsuguna a ciki alƙibla yake fuskanta. Shi ke nan, aka ƙaurace masa. Sai da muka nemo lebura muka ciccibi akwatin muka juya shi. Duk da haka Malam bai sauko ba. A gaban jama'a ya ce, "Wanda ya sayar muku da wurin kama ruwa yau, gobe iska zai auna muku a mudu. Ni dai Allah kada Ya nuna mini ranar da zan sa ƙafata a ciki." Aka ce amin, har da ni.

To ni kuma Allah Ya jarabce ni da son 'yarsa, Ladi, wadda kuke ce wa Hajiya yanzu. Ita take kawo masa abincin rana. Mun fahimci juna, uwarta ma ta yarda. Kawuna ya ɗauki goro ya tafi Dakata. Malam ya tambaye shi me yaron yake yi.

Kawu ya ce, "Maƙerin kwaɗo ne, Allah Ya gafarta Malam."

Malam ya ce, "Kwaɗon ina?"

Kawu ya kama gyara hularsa. Malam ya yi gyaran muryar nan mai hawa biyu ya ce, "Za mu duba." Dubawar nan ta ci damina ta ci rani, wata daminar ta sake kamawa. Ga wani ɗan kasuwar fata ya fara aika gaisuwa gidan. Na rame, na yi baƙi, ba na ɓoye muku.

Kuma a shekarar ne sana'ar ta lalace. Kun san kwabon lokacin da huji a tsakiya. Ban san wane ɗan albarka ne ya fara ba, amma wani ya gano cewa in ka ɗaura wa kwabo zare, ka jefa, ka murɗa, kana iya janyo abinka ka mayar aljihu. Kafin ka ce me, duk Bompai kowa da kwabonsa mai wutsiya. Matsalar ita ce sai an iya ja. Wanda ya iya, a hankali yake zarowa. Wanda bai iya ba sai ya fizga, zaren ya tsinke, ya naɗe sakata, ƙofar ta kulle ta ciki da waje. Mutum ya shiga da kwabonsa, ya kasa fita ko da zai biya fam guda. Na yi ta yawo a keke daga wannan akwati zuwa wancan ina sakin fursunoni. Mai Lofe ya ce in abin ya ci gaba zai kwashe kayansa. Baba Audu kuma ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aiki ya dawo kaina ni kaɗai.

Wata rana a farkon damina, da sauran ɗanyen mangwaro, ina gyaran wani akwati wajen gidan alewa sai aka ce in zo, na bayan filin salla ya kama mutum. Na iso jiniyar hutu ta busa ke nan. Ma'aikata sun fito sun kewaye akwatin, wasu da buta a hannu. A gaba akwai Tanko, wani ɗan dako mai baki kamar gidan rediyo, wanda in ya ga abu da safe, kafin la'asar an ji a kasuwar Kurmi. Yana ta dukan ƙofa.

Yana cewa, "Kai na ciki! Ka mutu ne? In kana da rai faɗi sunanka mu kai wa iyalinka labari!"

Shiru. Wannan bai ba ni mamaki ba, don mai ilimi ba ya magana a banɗaki. 'Yan iska ne suke ihu in ƙofa ta kama su. Na durƙusa na duba bakin kwaɗon. Ga guntun zare yana leƙowa. Ba farin zaren buhu ba ne irin na 'yan dako. Kore ne, mai sheƙi, irin wanda ake yi wa hula ado. Ina cikin cewa a raina ai masu ɗinkin hula suna da yawa, sai daga ciki aka yi gyaran murya. Hawan farko, a maƙogwaro.

Ban bari na biyun ya fito ba. Na ɗaga guduma na maka wa jikin akwatin, ƙarfe ya ɗauki ƙara kamar an fasa tukunya. Tanko ya yi tsalle ya ce, "Kai Sale, gyara kake ko rushewa?" Na ce tsatsa nake kaɗewa.

Ku tsaya ku ga inda nake. Ƙofar nan, aikin ƙiftawar ido ce a wurina. Amma in na buɗe, limamin da ya yi addu'a a gaban mutanen nan kada Allah Ya nuna masa ranar, zai fito a gabansu da buta a hannu, ga koren zarensa a bakin kwaɗo, ga Tanko. Ba zai ƙara jan salla a Bompai ba. Kuma mutumin da zai fara haɗa ido da shi ni ne, mai neman 'yarsa. Ko ya so ya ba ni ita, kunya ba za ta bar shi ya sake ganin fuskata a zaurensa ba. In kuma na ƙi buɗewa, tsoho yana gasuwa a cikin ƙarfe da tsakar rana.

Na tura guntun zaren ciki da yatsa. Na zura ƙugiya, na lalubo inda ya naɗe, na warware, na ji sakata ta saki. Sai na sa gwiwa na danne ƙofar. Na ci gaba da ƙwanƙwasa ina tsaki, ina ɓata fuska kamar abin ya gagara. Sannan na fara yi wa kwaɗon magana, kamar yadda masu gyara suke yi in ƙarfe ya ba su haushi.

Na ce da ƙarfi, "Kai kwaɗo, ka yi haƙuri. Na san ka saki. Amma ba yanzu ba. Ka yi shiru abinka, kada ka ƙara ko tari, sai an tayar da salla."

Mutane suka fashe da dariya, wai Sale ya haukace yana lallashin ƙarfe. Daga ciki kuwa ko motsi ban ƙara ji ba.

Tanko ya ce shi zai hau sama ya leƙa ta wajen tanki. Har ya ɗora ƙafa. Na ce, "Hau mana, amma bututun ya tsage, duk abin da ya fantso maka kai da salla sai ka je gida ka sake tufa." Ya sauke ƙafarsa. Sai wani dattijo ya duba rana ya ce lokaci yana tafiya, jiniya za ta sake busawa, ina Malam ne? Aka duba gindin maina, ga tabarma, ga huluna, babu mai su.

Na ce, "Wataƙila wata lalura ce ta tsare shi." Kun ga ban yi ƙarya ba. Na juya wajen Tanko na ce, "Ai ga Tanko nan. Ba kai ne kake ce mana ka yi karatu a Zariya ba? Ko dai cika baki ne?"

Wayyo, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara wuyan riga ya ce shi da ya kusa sauka? A ba shi wuri. Aka yi alwala aka nufi fili. Filin yana gabas da akwatin, saboda haka duk wanda ya shiga sahu ya ba mu baya. Tanko kuma, da yake shi ne liman, ya fi kowa nisa. Masu abinci da 'yan kudu suna can ɗaya gefen injin. Na jira har na ji ya ce Allahu Akbar, sahu ya amsa. Mutum ɗari, ba mai ikon waiwayowa.

Na janye gwiwata. Na juya na fuskanci bangon waya, na duƙar da kai, na kama goge filayar da ba ta da datti. Na ji ƙofa ta yi ƙara. Na ji takun takalmi ya fito, ya tsaya a bayana. Ya ɗan jima a tsaye. Ƙeyata har zafi take. Ban juya ba. Sai takun ya yi yamma, ya zagaya ta bayan injin. Can sai ga Malam ya ɓullo ta hanyar Dakata, fuska da danshin alwala, ya shiga sahun ƙarshe kamar wanda ya makara a hanya.

Ana sallamewa Tanko ya taho a guje, ko addu'a bai tsaya ba. Ya tarar da ƙofa a buɗe.

Ya ce, "Wane ne? Don Allah wane ne?"

Na ce, "Wallahi tallahi ban ga fuskarsa ba."

Ya sa ni na rantse har sau nawa, na rantse da zuciya ɗaya. Ya koma yana cizon yatsa. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne Malam ya bi shi salla, ya yi wata yana ba da wannan labari.

Da yamma na buɗe kwaɗon na ciro kwabon da zarensa. Na jefa nawa a madadinsa, na sa wancan a aljihu. Malam bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Ran Juma'ar da ta biyo ya aika a kira kawuna. Kawu ya dawo yana ta mamaki. Wai Malam ya ce ya duba, a turo magabata. Kawu ya ce ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko an daina ƙyamar sana'ar ne, sai Malam ya ce, "Sana'ar tana nan yadda take. Yaron ne ya san inda ake ajiye ido."

Ci-kwabo bai daɗe ba bayan haka. Masana'antu suka gina nasu banɗakuna a ciki, Mai Lofe ya sayar da akwatunan wa masu tsohon ƙarfe, ni kuma na buɗe rumfar gyaran kwaɗo da yankan makulli, wadda ta ciyar da iyayenku. Shekaru suka yi ta tafiya. Tsakanina da Malam sai gaisuwa daga nesa, in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri, kamar kowane suruki da surukinsa.

Har tsufa ya zo masa, ƙafafu suka daina ɗaukarsa. 'Ya'yansa maza suna nan, ɗalibansa suna nan, kowa yana so ya kai shi bayan gida, ya ƙi. Ya rage cin abinci don kada buƙatar ta taso. Mutum yana ƙarewa a kwance saboda kunya. Rannan Hajiya ta dawo daga dubiya idonta jawur, ta ce, "Malam ya ce a kira masa maƙeri."

Gidan ya yi tsit da na shiga, don ba a taɓa jin suruki ya yi wannan aiki ba. Na goya shi, ba nauyi, kamar ɗaurin kara. Na kai shi, na zaunar da shi, na ajiye masa buta, na juya baya. Haka muka yi kullum, safe da yamma, har ƙarshen kwanansa, ba mai cewa uffan.

Sai wata safiya, na goyo shi muna dawowa ta tsakar gida, na ji bakinsa a kunnena.

Ya ce, "Maƙeri."

Na ce, "Na'am, Malam."

Ya ce, "Kwabon nan yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Allah Ya gafarta Malam."

Ya ce, "In na tafi ka ba yara labari, su yi dariya. Cikina ne ya ci amanata rannan, ɗanyen mangwaro na ci. Amma ka gaya musu zaren nan na ɗaura ne don kada kwabon ya ɓace a aljihu. Ban ja ba."

Na ce a raina shekara da shekaru na riƙe bakina, yau dai a bar ni in yi maganar sana'ata. Na ce, "Malam, ku gafarce ni. Zaren da ba a ja ba, ba ya tsinkewa."

Sai na ji ƙirjinsa yana rawa a bayana. Na tsorata, na zaci tari ne ya sarƙe shi. Ashe dariya yake, mutumin da ban taɓa jin dariyarsa ba. Ya yi har hawayensa ya jiƙa mini wuyan riga, ni ma nawa suka zubo, muna tsaye a tsakar gida matan gidan suna leƙe.

Da ya samu numfashi ya ce, "To, kaɗan na ja."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Ga kwabon nan, zaren ya koɗe amma da sauran korensa. Bashir, sauke hannunka daga hanci ka karɓa da hannu biyu, kakan ubanka ne ya ja shi.